Sinimar Da Ba A Biyan Kuɗin Ƙofa: Me Ya Sa Muke Mafarki?

Kowane ɗalibi a makarantar nan yana kallon fim kullum dare, ko yana da data ko ba shi da ita, ko an kawo wuta ko an ɗauke. Ba ya zaɓen fim ɗin, ba ya sanin wa zai fito a ciki, kuma galibi kafin ya gama alwalar asuba ya manta da shi. Masana barci sun auna sun ga cewa baligi mai lafiya yana shafe awa ɗaya da rabi zuwa biyu kowane dare a irin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa. Tsawon fim guda ke nan. In ka lissafa shekara biyun da za ka yi kana ND, dare 730, za ka ga sama da awa dubu ka yi a wannan sinima.

Abin da ya ci wannan lokaci haka ya cancanci a tambayi amfaninsa. Ni dai abin da karatun da na yi a kai ya nuna mani shi ne, mafi yawan mafarkinmu aikin tacewa ne da ƙwaƙwalwa ke yi wa abubuwan da ta kwaso da rana, kamar yadda edita ke zama da hotunan da aka ɗauko daga lokeshan. Wanda ya fahimci haka zai rage tsoron mugun mafarki, kuma zai daina wasa da barcinsa lokacin jarrabawa.

Yadda aka gano lokacin da ake haska fim ɗin

A shekarar 1953, a Jami'ar Chicago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura da wani abu: mutum yana cikin barci, sai a ga ƙwayar idonsa tana ta zirga-zirga a ƙarƙashin fatar ido, can sai ta tsaya, bayan wani lokaci ta sake. Da suka riƙa tada mutane daidai wannan lokaci, mafi yawansu sai su ce ai mafarki suke yi, kuma su ba da labarinsa tiryan-tiryan. Wannan shi ne barcin da masana ke kira REM, mu kuma mu kira shi barcin motsin ido. In kana da ƙaramin ƙane a gida, duba fuskarsa yana barci, za ka gani da idonka.

Barci zagaye yake yi. Kowane zagaye yana ɗaukar kimanin minti 90, kuma a dare guda akan yi huɗu zuwa shida. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, na motsin ido kuwa ɗan kaɗan ne, wataƙila minti goma. Da dare ya raba sai lissafin ya juya: mai nauyin ya ragu, na mafarkin ya riƙa tsawo, har na ƙarshe ya kai rabin awa ko fiye. Shi ya sa in ka koma bayan sallar asuba, ko bayan sahur da azumi, sai ka yi ta mafarkai kamar an buɗe famfo. Ka koma ne daidai lokacin da jiki ya fi karkata ga wannan barcin. Ana yin mafarki a sauran matakan barci ma, sai dai wanda ya fi kama da fim, mai labari da mutane da tashin hankali, nan ya fi yawa.

Ina kamar take?

Kama ta farko ita ce yanka. A fim, jarumi zai hau mota a tashar Daura, ƙiftawa da bismilla sai ga shi a Kantin Kwari yana ciniki, kuma babu mai kallon da zai ce ina Kazaure ta shiga. Haka mafarki yake: kana ɗakin lakca, ka buɗe ƙofa sai ga ka a gonar kakanka a Sandamu, ba ka kuma yi mamaki ba. Wani shahararren edita na Amurka, Walter Murch, ya rubuta cewa a ganinsa dalilin da ya sa ɗan Adam ya karɓi yankan fim ba tare da ruɗewa ba shi ne ya riga ya saba da shi a mafarki. A farke ido bai taɓa tsallake wuri haka ba, amma a barci kullum yana yi.

Kama ta biyu, mai kallo yana zaune ba ya motsi. A barcin motsin ido ƙwaƙwalwa tana kashe wa gaɓoɓi wuta daga can tushenta, sai ido da numfashi kawai ke aiki. Ba don haka ba, da wanda ya yi mafarkin kare ya biyo shi sai ya diro daga saman gado ya zura da gudu. Wani likita Bafaranshe, Michel Jouvet, ya tabbatar da haka a birnin Lyon a shekarun 1960: ya lalata wannan ɓangare a ƙwaƙwalwar kyanwoyi, sai ga kyanwa tana barci amma ta miƙe tana farautar ɓeran da babu shi.

Kama ta uku, an sallami mai sharhi. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a shekarun 1990 sun nuna cewa lokacin wannan barci sassan gani da na motsin rai, wato tsoro da so da fushi, suna aiki sosai, amma sashen da ke bayan goshi, mai auna hankali da cewa "kai, wannan ba zai yiwu ba", ya yi sanyi. Shi ya sa za ka ga marigayi kakanka yana duba takardar jarrabawarka ka ɗauka daidai ne. Ai haka muke yi a gaban fim ɗin Indiya, mutum ɗaya ya doke ƙato ashirin, mu ajiye hankali a gefe mu yi ta tafi.

Kama ta huɗu, ƙarar waje tana shiga cikin labari. A 1958 William Dement da abokin aikinsa sun yayyafa wa masu barci ruwa, da aka tashe su sai da yawa suka ce sun ga ruwan sama ko rufi yana yoyo. Mu nan kiran sallah ne, ko janareton maƙwabta, ko abokin ɗaki yana buga ƙofa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ta saka a fim ɗin a matsayin sauti.

Masu shirya fim sun daɗe da sanin wannan zumunci. Duba yadda a finafinan Indiya, da namu na Kannywood da suka koya daga gare su, in ana son saka waƙa sai a nuna jaruma ta yi tagumi ko ta kishingiɗa, daga nan sai ga ta a lambu tana sauya kaya sau biyar. Da an ce mafarki ne, an samu lasisin yin abin da ba zai yiwu a zahiri ba. Fim ɗin Inception na Christopher Nolan, na 2010, gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi.

Wani abin mamaki kuma, fim ma yana shafar yadda muke tuna mafarki. A 1942, zamanin finafinai marasa launi, an tambayi ɗaliban wata kwaleji a Amurka, kusan kashi 70 cikin ɗari suka ce da wuya su ga launi a mafarki. Da Eric Schwitzgebel ya sake yin wannan tambaya a 2001, masu faɗin haka ba su kai kashi 20 ba. A 2008 Eva Murzyn ta Jami'ar Dundee ta gano cewa dattawan da suka tashi da talabijin baƙi da fari sun fi matasa ba da labarin mafarki marar launi. Mu ma kallo ya daɗe da shiga rayuwarmu: an buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, motar majigi ta riƙa zaga garuruwa tana haska bango har mutane suka sa wa abin suna dodon bango, sannan Turmin Danya ya fito a 1990 ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa. Yau kuwa sinimar tana cikin aljihun kowa. Duk abin da ido ya sha da rana, kaya ne aka tara wa editan dare.

To, mene ne amfaninsa?

Amfani na farko, kuma wanda ya fi shafar ɗalibi, shi ne adana karatu. A 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard ya sa mutane suka yi ta buga wasan Tetris, wannan na jera tubala. Da barci ya fara ɗaukarsu sai suka riƙa ganin tubalan suna gangarowa. Cikinsu har da masu cutar mantuwa, waɗanda ba su ma tuna sun buga wasan ba, amma wasunsu suka ga tubalan. A 2001 Matthew Wilson da Kenway Louie na MIT suka saka wa ɓeraye na'ura a ka suna bin wata hanya don neman abinci. Da ɓerayen suka yi barci, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu suka maimaita irin bugun da suka yi da rana, bi da bi. A 2010 kuma Erin Wamsley da Stickgold suka koya wa mutane bin wata ruɗaɗɗiyar hanya a kwamfuta, wasu suka ɗan yi barcin rana. Waɗanda suka yi mafarkin hanyar sun fi sauran ci gaba nesa ba kusa ba da aka sake gwada su.

Kai da ka wuni a wokshop kana haɗa waya, ko ke da kika wuni kina fama da lissafin akanta, in kun ga abin ya biyo ku cikin barci, kada ku ce karatu ya taɓa ku. Ƙwaƙwalwa ce ke maimaita darasi tana jera shi inda ya dace.

Amfani na biyu, haɗa abin da ba a saba haɗawa ba. A 2004, a Jami'ar Lübeck ta Jamus, an ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba a faɗa masu akwai ta ba. Waɗanda suka kwana suka dawo sun ninka waɗanda ba su yi barci ba fiye da sau biyu wajen gano ta. Tunda mai sharhin nan na bayan goshi ya tafi hutu, ƙwaƙwalwa tana samun damar gwada wannan da wancan. Hausawa ma in magana ta ɗaure sukan ce a kwana a kanta.

Amfani na uku, atisaye. Antti Revonsuo na ƙasar Finland ya kawo ra'ayi a 2000 cewa mafarkin tsoro gwaji ne na fuskantar haɗari a wurin da ba za a ji rauni ba. Shi ya sa mafarkin ana bin ka, ko kana faɗowa, ko ka makara jarrabawa, ko ka shiga hol ba biro, ya zama ruwan dare a ko'ina cikin duniya. Akwai kuma masu ganin cewa barcin motsin ido yana rage wa abin baƙin ciki zafi, ya bar maka tunawar ya cire raɗaɗin, domin a lokacin sinadarin da ke tada hankali, noradirenalin, yana yin ƙasa sosai a ƙwaƙwalwa. Ana danganta saurin mantuwar mafarki ma da raguwar wannan sinadari.

Masana ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Sigmund Freud, a littafinsa na 1900, ya ce mafarki buri ne da aka danne yake fitowa a ɓad-da-kama. Allan Hobson da Robert McCarley a 1977 suka ce a'a, tartsatsi ne ke tasowa daga tushen ƙwaƙwalwa, saman kuma ya yi ta ƙoƙarin ɗinka shi ya zama labari. Amma kusan kowa ya yarda da abu guda: kayan da ake haɗa mafarki da su daga rayuwar mai shi ake ɗebo su, abin da ya gani, abin da yake tsoro, abin da ya ƙwallafa rai a kai.

Addini bai bar mu a duhu ba

Na san wani zai ce, to ina mafarkin gaskiya? Yana nan, kuma babu musu a kansa. Suratu Yusuf ta ba mu labarin mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, wanda fassararsa ta ceci ƙasa daga yunwa. Kiran sallah da muke ji sau biyar a rana ta hanyar mafarkin sahabi Abdullahi bin Zaid ya zo, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da shi. Hadisi ya nuna mafarki na gari yanki ne ɗaya cikin 46 na annabci.

Sai dai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da kuma zancen zuci, wato abin da mutum ke saƙawa a ransa da rana ya gan shi da dare. Duk binciken da na lissafo a sama a kan wannan kashi na uku yake. Matsalarmu ita ce mun mayar da kowane mafarki kashi na farko. Mutum ya kwana yana kallon fim ɗin aljanu, ya ci tuwo ya ƙoshi, ga zazzaɓin cizon sauro yana ɗan taɓa shi, ya ga abin tsoro, da safe sai ya nufi littafin fassarar mafarki da ya saya a kasuwa. Irin littattafan nan galibi ana jingina su ga Muhammad bin Sirin na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma malamai da dama suna shakkar cewa shi ya rubuta su. Ko su masu fassara na gaskiya sai sun dubi wane ne ya yi mafarkin da halin da yake ciki.

Ga misalin da ya shafe mu. Yaron Daura tun yana firamare yake jin labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai Juma'a, an kai shi ya leƙa rijiyar, ya kuma ga maciji a gona da damina. In ya yi mafarkin maciji a bakin rijiya, ina mamaki? Amma sai ka ji an ce masa maƙiyi ne a cikin dangi. Daga nan a fara kallon wata gwaggo da ba ta ji ba ba ta gani ba, zumunci ya tsinke, kuɗin makaranta su tafi wajen boka. Alhali koyarwar Manzon Allah (SAW) ga wanda ya ga abin da ba ya so a bayyane take: ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya, kada ya faɗa wa kowa, ba zai cutar da shi ba.

Dannau da mafarkin da ke dawowa

Dannau ma yana da bayani. Ka tuna an kashe wa gaɓoɓi wuta lokacin mafarki. Wani lokaci hankali yakan farka kafin a maido da wutar. Ido a buɗe, kana ganin ɗakinka, amma ba ka iya ɗaga ko yatsa, ƙirji ya yi nauyi, ragowar mafarkin kuma yana haskawa a kan bangon ɗakin, sai ka ga kamar inuwar mutum. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ya fi kama mai ƙarancin barci, da mai barci ba kan ƙa'ida ba, da mai kwanciya rigingine. Wato dai ɗalibi a makon jarrabawa. In ya same ka, yi addu'arka, ka natsu da numfashi, ka yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa, ka kuma gyara lokacin barcinka.

Wanda ba a wasa da shi shi ne mugun mafarki guda da ke ta maimaituwa bayan wani tashin hankali, kamar haɗarin mota, ko harin 'yan bindiga da wasu 'yan'uwanmu a jihar nan suka gani da idonsu. Wannan ciwo ne sananne, kuma yana da magani. Ɗaya daga cikin hanyoyin ma kamar aikin marubucin fim take: likita zai sa mutum ya rubuta mafarkin, ya sauya masa ƙarshe yadda yake so, ya riƙa maimaita sabon labarin a ransa da rana. Binciken Barry Krakow na 2001 ya nuna tana rage yawan mafarkin. In kana da aboki a ɗaki da ke firgita kullum dare, kada ka yi masa dariya, raka shi asibiti.

Lissafin da nake so mu yi

Yanzu mu dawo kan karatun kwana. A Daura asuba tana kamawa tsakanin ƙarfe biyar saura zuwa biyar da rabi, gwargwadon lokacin shekara. Wanda ya kwanta ƙarfe goma ya samu zagaye huɗu ko fiye. Wanda ya kai ƙarfe biyu yana haddar handawut, ko yana bin Labarina kashi bayan kashi a waya, zagaye biyu kacal ya samu. A awanni ya rasa rabi da ɗan ɗoriya, amma a barcin mafarki asararsa ta fi haka, tunda dogayen suna can ƙarshe. Ya tara hotuna fal, ya kori edita. Ga kofi da lemon ƙarin kuzari: sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda aka sha da magariba yana nan daram har tsakar dare. Ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin kuwa suna danne barcin motsin ido, ban da sauran ɓarnarsu.

Shawarata gajeriya ce. Darasin da ya fi ba ka wuya, duba shi na ƙarshe kafin ka kwanta, ka ajiye wayar, ka yi addu'ar barci, ka ba jikinka awa bakwai in da hali. In dare ya gaza, ƙailula bayan azahar tana rage asara. Bayan sallar asuba ka sake buɗe shafin nan ka ga bambanci. In kana son sanin me editan naka ke yi, ajiye littafi da biro kusa da matashi, ka rubuta mafarkinka da zarar ka farka, kafin ka taɓa waya. Mako biyu ya isa ka fara gane daga ina kowace fitowa ta samo asali: wannan daga lakcar Talata, wancan daga kuɗin rajista da ke damunka, wancan kuma daga fim ɗin da ka kalla.

Allah Ya ba mu barci mai albarka da mafarki na alheri, Ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa.